Jirgin Shamuwa Ya Iso Kan Lokaci

Magdalene ta fara aiki da kamfanin jiragen sama na Shamuwa tun filin jirgin Abuja bai wuce ɗan gini a tsakiyar daji ba, lokacin da ma'aikata ke wuni suna hamma a bayan kanta suna jiran jirgi ɗaya tal. 'Yar Kagoro ce, ta zo da takardar sakandare da murya mai sanyi, aka ɗora ta a kan tarbar fasinja. Ɗakinta yana Nyanya, don haka kullum sai ta ratsa garin daga gabas zuwa yamma a motar ma'aikata, tana gyangyaɗi, tana kallon gine-ginen da ba a gama ba suna wucewa.

Da kujerar mulki ta baro Legas a ƙarshen shekarar 1991, sai filin ya cika. Ma'aikatu suka shiga kwaso mutanensu, da fayil-fayil a cikin kwalaye, da matan aure masu ɗauke da tukwane a jaka suna tambayar inda kasuwa take. Kamfanonin jirage suka yi ta rububin wannan hanya. Ana cikin haka wata ƙungiyar dillalan tikiti a Legas ta ba da sanarwar cewa za ta auna kamfanonin, ta jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a mujallarta. Za a duba tashi da sauka kan lokaci, da tsabta, da abincin cikin jirgi, da yadda jakar fasinja ke isowa hannunsa, da kuma fara'ar ma'aikata. Kowanne da makinsa. Masu ba da makin kuwa ba za su sanar da kansu ba, tikiti za su saya su shiga layi kamar kowa.

Manajan Shamuwa na Abuja, Oga Kingsley, ya tara su a ofishinsa ranar da makon awon zai fara. Mutum ne mai ƙiba da saurin gumi, ba mugu ba, sai dai tsoron shugabanninsa na Legas ya yi masa yawa. Hausarsa ta kasuwar Jos ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Wannan sati babu hutu, babu ciwon kai, babu jana'izar kaka," in ji shi. "Wanda ya zo na ɗaya shi gwamnati za ta ba aikin ɗauko ma'aikata. Magdalene, kai ne fuskar kamfani a nan. Ko an zage ka, yi murmushi. Ba ka san wanda ke kallo ba."

Aka ba su sabon yunifom, aka sa furen roba a kan kanta. Kowane fasinja mai jakar hannu da biro a aljihu ya zama abin zargi. Masu shara har gaisuwa suke yi wa wanda ya zubar da bawon gyaɗa.

Ranar Laraba, tsakiyar zafin Maris, jirgin safe ya iso daga Legas daidai lokacinsa, har Oga Kingsley ya ɗaga agogonsa yana nuna wa na kusa da shi. Fasinjoji suka kwashi jakunkunansu suka watse. Mutum biyu kawai suka rage a zauren: wani dattijo mai farin kaftani da ke karanta jarida a kusurwa, da alama yana jiran direbansa, da wata mata cikin baƙin zane da baƙin ɗankwali, tana tsaye a bakin ƙofar da ake shigo da kaya, hannunta riƙe da 'yar jaka.

Magdalene ta je wurinta da murmushin da aka umarce ta. "Sannu da zuwa, Mama. Jakarki ce ba ta fito ba?"

"Ba jaka ba ce, 'yata. Mijina nake jira. Sun ce ta wata ƙofa ake fito da su."

Sai da ta miƙo takardar ɗaukar kaya Magdalene ta gane. Sunan matar Justina Kure. Abin da aka rubuta a takardar kuwa akwatin gawa ne, na Enoch Kure, daga Legas zuwa Abuja.

Magdalene ta zaunar da ita, ta zagaya wurin masu sauke kaya. Cikin jirgin ya riga ya zama wayam, ana ma shirin loda kayan masu komawa. Babu wanda ya ga akwati. Ta wuce ofis, ta tarar da Oga Kingsley yana magana da Legas ta oba-oba, fuskarsa ta nuna ya riga ta sani. Da ya ajiye, ya share gumi ya bayyana mata. An kawo akwatin da wuri, amma motar da ke ɗaga kaya masu nauyi ta ƙi tashi. Kafin a tara mutanen da za su ɗaga shi da hannu, lokacin rufe ƙofa ya yi. Da an jira, da jirgin ya makara da 'yan mintoci, kuma a wannan makon babu wanda ke son a ce a hannunsa jirgi ya makara. Sai aka rufe aka tashi, da matar a ciki, ba wanda ya gaya mata.

"To jirgin yamma fa?" Magdalene ta tambaya.

"Ina roƙonsu. Kwalayen ma'aikatar gwamnati sun cika shi, amma ina roƙonsu. Ka je ka ce mata ana kan takardu. Kada ka ce an bar shi. In ta fasa kuka a zauren nan, mun mutu."

"Oga, ai wannan ma zai rage mana maki, kaya bai iso ba."

Ya girgiza kai, kamar shi ma abin ya ba shi kunya. "Jakar fasinja suke dubawa. Gawa a lissafin kayan haya take, ba ta cikin abin da ake aunawa."

Magdalene ta koma zaure ta ce ana kan takardu. Justina ta gyaɗa kai ta yi godiya, ta ce ta san aikin gwamnati, mijinta a cikinsa ya tsufa.

A waje, wata tsohuwar a-kori-kura tana tsaye daidai ƙofar shiga, an shimfiɗa tabarma da ganyen ayaba a bayanta. Mutanen ƙauyen Enoch ne suka zo da ita daga bayan Karshi, maza kaɗan, da yayansa Baba Yamusa, wani siririn tsoho mai tsagar fuska da hular saƙa. Tun asuba suka baro gida. An riga an haƙa kabari, in ji shi, fasto yana jira, mata sun ɗora tukwane. Wani mai gadi ya zo ya ce a matsar da motar can ƙarshen fili, domin tana ɓata gaban ginin. Baba Yamusa bai yi gardama ba, ya sa aka matsar, shi kuma ya dawo ya tsuguna a inuwar bango inda zai riƙa hango ƙofa.

Azahar ta yi, ta wuce. Magdalene ta sayo wa Justina burodi da lemo, ba ta taɓa ba. Duk lokacin da ta gifta sai matar ta ɗago ido, ita kuma ta ce saura kaɗan. Tun tana iya faɗa da murmushi har ta koma faɗa tana kallon ƙasa. Daga baya Legas ta kira ta ce babu wuri a jirgin yamma, sai na gobe da safe.

"Ka bari sai fasinjan yamma sun watse, sannan ka gaya mata," in ji Oga Kingsley.

Magdalene ta fito daga ofis ta tsaya a bayan kanta tana gyara furen roba. Ta hango Justina ta buɗe 'yar jakarta ta ciro farin ƙyalle, ta ninke, ta sake buɗewa, ta sake ninkewa. Sai ta ji ba za ta iya ƙara kai mata wata ƙaryar ba. Ta zagayo ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannayenta biyu.

"Mama, ki yafe mini. Ba takardu ba ne. Ba a sa shi a jirgin ba. Yana Legas, sai gobe."

Justina ta kalle ta. "Na baro shi?"

"Ba ke kika baro shi ba."

"Na zauna a kujera, na ɗaura bel, ina yi masa magana a zuciyata. Ina ce masa, Enoch, ga mu a sama. Ashe ni kaɗai ce."

Ba ta yi ihu ba. Hawaye kawai ke zuba, kafaɗunta na rawa. Magdalene ta zauna a durƙushe a kan siminti, sabon siket ɗinta yana shan ƙasa, ba ta saki hannayen ba. Dattijon nan mai farin kaftani, wanda direbansa bai zo ba har yanzu, ya sauke jaridarsa yana kallonsu. Can ya tashi ya ɗauki jakarsa ya fita.

Da aka gaya wa Baba Yamusa, ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"Wa ke tare da shi a can?"

Magdalene ta ce akwai masu gadi.

"Ba gadi nake tambaya ba, yarinya. Wa ke zaune da shi?"

Tsohon ya ce shi ba zai shiga ƙauye da mota babu kowa a bayanta ba, domin uwarsu tana raye, tana zaune a ƙofar ɗaki tun safe tana sauraren ƙarar mota. Ya aiki mutum ɗaya ya kai labari, sauran suka ce a nan za su kwana cikin motar. Justina ma ta ce a nan za ta zauna, amma ana rufe zauren in jirgin ƙarshe ya tashi. Magdalene ta roƙe ta har ta yarda ta bi ta Nyanya.

Sun isa da magariba, bayan cunkoson motoci a mashigar garin. Maƙwabta suna fifita gawayi a tsakar gida, rediyon wani na ta surutu. Magdalene ta dama kunu, ta kai wa baƙuwarta ruwa banɗaki. Bayan ta yi wanka ta ɗan sha kunun, Justina ta zauna bakin katifa ta fara magana, ba don an tambaye ta ba.

Enoch direba ne a wata ma'aikata. Ya tafi Legas yana saurayi, lokacin da mutanen can ba su taɓa jin sunan Karshi ba. Ranar da aka ce za a gina sabon babban birni a ƙasarsu, ya dawo gida yana dariya, ya ce gwamnati da kanta za ta mayar da shi wurin uwarsa. Daga nan ya shiga jira. Duk shekara a ce bana ne, duk shekara a ɗaga. Yara suka girma a ɗaki ɗaya a Agege. Da aka fara kwaso mutane, sai aka fara da manya, direbobi da masinjoji aka ce su dakata. Sunansa ya fito a wannan watan. Suka ɗaure kaya, suka tura yara gaba a babbar mota. Saura 'yan kwanaki su taso ya faɗi a gindin famfo yana wanke motar ofis.

"Abokan aikinsa ne suka ce ba za a wahalar da shi a hanya ba, a sa shi a jirgi," in ji Justina. "Shekara da shekaru yana kai oga filin jirgi, ya sauke masa jaka, ya juyo. Ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Suka ce wannan karon dai ya hau."

Magdalene ta tashi ta rataye yunifom ɗinta a ƙusa, ta ga gwiwar siket ɗin ta yi baƙi, ta ɗebo ruwa ta hau wankewa don gobe.

Washegari jirgin safe ya iso, shi ma kan lokaci. Aka bari sai da fasinjoji suka gama fita, sannan aka sauke akwatin ta ƙofar baya, wajen da ake shigo da mai. Tun daga nesa Magdalene ta ga masu sauke kaya sun ɗaure hanci da hankici. Akwatin ya wuni ya kwana a rumfar kwano a Legas, cikin wannan zafi, kuma maganin da aka yi wa gawar na tafiyar rabin yini ne. Baba Yamusa da mutanensa ba su rufe hanci ba. Suka karɓe shi suka ɗora a kafaɗa, suka kai mota a hankali, tsohon yana yi masa magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Justina ta shimfiɗa farin ƙyallen nan a kan murfin, ta hau baya ta zauna a gefensa. Oga Kingsley ya fito ya tsaya da hannaye a baya, ya ce, "Sori, Madam. Sori, Baba." Babu wanda ya amsa masa, babu kuma wanda ya zage shi.

Magdalene ta so ta bi su. Amma makon bai ƙare ba, ga layin masu tafiya Legas ya kai ƙofa. Ta tsaya har motar ta fita daga get, ta koma bayan kanta.

Mujallar ta fito bayan Ista. Shamuwa ce ta ɗaya a tashi kan lokaci, ta ɗaya a kula da fasinja, ta biyu a abinci. A jimla ita ce kan gaba. Oga Kingsley ya sayo lemo da tsire, ya tara ma'aikata, ya karanta musu shafin da ƙarfi yana fassarawa. Ɗaya daga cikin masu ba da makin ya rubuta cewa a Abuja ya ga abin da bai taɓa gani ba a wani filin jirgi: wata ma'aikaciyar Shamuwa ta durƙusa a ƙasa gaban wata fasinja mai kuka, ta riƙe hannunta kamar uwarta. Ya ce irin wannan tarbiyya ce sabon birni ke bukata, ya ba da cikakken maki. Bai rubuta abin da ya sa matar kuka ba. Da alama bai tambaya ba.

Aka yi tafi. Abokan aiki suka riƙa dukan kafaɗar Magdalene. Ita kuwa ta tuna dattijo mai farin kaftani da jaridarsa, ta ajiye tsiren da ke hannunta. Ta fita ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta tsaya a gabansa har aka gama rabon lemon.

Kamfanin ya samu aikin ɗauko ma'aikata. Aka ƙara wa Magdalene girma, aka manna shafin mujallar a gilashi a bayan kanta, inda duk ta juya sai ta gan shi. Oga Kingsley ya kira ta gefe ya ba ta tikitin kyauta, zuwa da dawowa Legas, ya ce ta kai wa matar nan. "Ni ba zan iya zuwa ba," in ji shi, bai kalle ta ba. "Ka gaya mata kamfani ya ji ba daɗi."

Ranar wata Asabar, bayan ruwan farko ya sauka, ta shiga motar Karshi daga tashar Nyanya, daga can ta hau bayan babur zuwa ƙauyen. Maza duk suna gona suna tada kunyar doya. Ta sami Justina a tsakar gida tana ɓare gyaɗar shuka, ta rame, ta yi duhu. Justina ta tarbe ta da kyau, ta ba ta kujera 'yar tsugunno da ruwa a kwano. Da Magdalene ta miƙa tikitin, ta karɓa ta jujjuya, ta mayar mata.

"Wurin wa zan je a Legas, 'yata? Ki mayar musu."

Sai ta ba ta labarin jana'izar. Sun isa da rana tsaka, mutanen da suka taru jiya rabi sun koma. Al'adarsu a buɗe akwati dangi su yi ban kwana, uwa ta fara. Da Baba Yamusa ya ɗan ɗaga murfin ya leƙa, sai ya mayar ya sa aka buga ƙusa. Fasto ya gajarta addu'a. Tsohuwar ta yi ta roƙo a bar ta ko hannunsa ta taɓa, tunda idonta ba ya gani sosai, aka riƙe ta. Rabonta da shi tun wani Kirsimeti da ya wuce da daɗewa, kullum yana aiko cewa ya kusa dawowa gaba ɗaya.

"Tana ciki," in ji Justina. "Ki shiga ki gaishe ta. Na gaya mata ke kika ba ni wurin kwana."

Ɗakin duhu ne, yana ƙanshin hayaƙi da dawa. Tsohuwar tana zaune a kan gadon kara, 'yar ƙarama kamar yarinya. Magdalene ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta lalubo kanta, ta shafa fuskarta, ta sa mata albarka da Hausa mai karyewa. Sannan ta jawo ta kusa ta rage murya, kamar ba ta so na waje su ji.

"Ke ce ta wurin jirgi?"

"Ni ce, Kaka."

"To ke kin gan shi da ya sauka. Su sun ƙi gaya mini. Ya yi ƙiba? Furfura ta fito masa?"

Magdalene ta ji amsa mai sauƙi ta zo mata baki, irin wadda aikinta ya koya mata. Ta haɗiye ta.

"Ban gan shi ba, Kaka. A rufe ya zo."

Hannun tsohuwar yana kan kafaɗar Magdalene. Can ta ce, "To," ta sake ta, ta juya fuska wajen bango.

Magdalene ta ɗan ƙara zama a waje ta taya Justina ɓarar gyaɗa. Da hadari ya fara haɗowa ta gabas, Justina ta ce gara ta tashi kafin rafi ya cika ya tare hanya. Ta ƙulla mata gyaɗa a ƙyalle, ta raka ta har bakin gonaki, ta tsaya a nan har babur ya zo.